Gwaji na Arba'in da Ɗaya

Shekara talatin mahaifina ya yi a marinar Tiruppur.
Har ya koma ga ƙasa, faratansa ba su koma fari ba.
Kogin Noyyal ta bayan gidanmu yake bi:
Litinin ja, Laraba kore shar,
makon da aiki ya yi yawa kuwa, baƙi wuluk.
Da launin ruwa muke gane, muna yara,
rigar da ake yayi a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba.

Yau ga ni a Koyambatur, hawa na uku,
da farar hoda a bakin cokali.
Titaniya.
Ita ce a fentin bango, ita ce a man da ke tare zafin rana,
fara fat, ta fi gishiri ji da kai.
In haske ya taɓa ta sai ta farka,
ta lamushe rini da gubar da ke ruwa,
ba ta ragu ba, ba ta kuma ce ta ƙoshi ba.
Sai dai ba kowane haske take amsa wa sallama ba,
sai na can bayan shunayya, wanda ido bai san shi ba,
abin da bai wuce biyar cikin ɗari ba.
Sauran duk takan mayar wa rana kayanta,
kamar attajirin da aka miƙa wa sadaka.

Furofesa Ilango ya zana layi biyu a allo.
"Kayalvizhi, rafin ne ya yi faɗi.
Ƙwayar lantarki na tsaye a gaɓa,
hasken gari bai da ƙarfin cilla ta ƙetare.
Jefa mata dutsen takawa."

Dutsen nan naitirojin ne.
Daga yuriya na samo shi,
takin da kawuna ke watsa wa gonar kurkum a Erode.
Na niƙa su tare har kafaɗata ta yi tsami,
na sa a tanderu, digiri ɗari huɗu, awa uku.

In na zuba kaɗan, ba ta ji.
In na cika hannu, ta shaƙe, gara ma jiya.
Sau biyu wuta ta ɗauke ana tsakar gashi.
Sau arba'in na rubuta a littafi: bai yi ba.

Na arba'in da ɗaya ta fito ruwan ɗorawa, dishi-dishi,
kamar cikin ayabar da ba ta gama nuna ba.
Sengodan mai shara ya leƙo, ya taɓe baki:
"Wannan ai ta yi datti."
Na ce, haka nake so.

Kofi biyu na shuɗin ruwa.
Ɗaya na zuba masa fara, ɗaya mai dattin.
Rabin awa a duhun kabad, kada in yaudari kaina,
sannan bakin taga, bayan gilashi,
inda rana ke faɗowa ga kowa kyauta.

Ƙarfe goma, shiru.
Sha biyu, na ƙi yarda da idona.
Ƙarfe biyu, kofin farar na nan da shuɗinsa, da mutuncinsa,
ɗayan kuwa ina hango zanen tafin hannuna ta cikinsa.

Ban yi guɗa ba. Na kai na'ura ta auna.
Saba'in da takwas cikin ɗari.
Kofi guda ke nan.
Noyyal kuwa tafiyar kwanaki ce a ƙafa,
kuma gobe ma za a yi rini.

Na kira mahaifiyata ina ta zuba bayani.
Ta bari na kai aya, ta ce, "Kin ci abinci?"
Na ce yanzu zan ci.
Na je famfo wanke hannu,
sai ga shuɗi a ƙarƙashin farcena.
Na ɗan tsaya, ruwa na zuba,
ban ɗauki sabulu ba tukuna.